Masu Gonar Baba

Da aka fito da gawar Baba daga ɗaki, wata mata cikin waɗanda ke zaune a gindin darni ta ce, "Allah ya jiƙansa." Ta kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu, ta raɗa mata cewa mamacin fa Kirista ne. Matar ta juyo ta dube ta sama da ƙasa, ta sake faɗa yadda kowa zai ji: "Na ce Allah ya jiƙansa. Shekara tara ina ci daga gonarsa. Ke kika ciyar da ni?"

Ina tsaye kusa da su da ɗana a goye, shi ya sa na ji.

Baba uban mijina ne. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda, don suruka ba ta faɗin sunan suruki. Garinmu ƙarami ne, tsakanin Agiye da Gazawa, sai ka sauka daga titi ka yi tafiya cikin rairayi. Gidajen Kirista bakwai ne a cikinsa, sauran duk Musulmi, rijiya ɗaya muke sha.

Matan nan na gindin darni sun fi talatin. Babu wanda ya aika musu. Wasu daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba suka zo, har da Fulani biyu da suka baro rugarsu da sassafe. A ƙasa suka zauna, don kujerun roba da aka ɗauko daga Agiye an jera su ne saboda baƙin Maraɗi. Ba su yi kururuwa ba. Ɗaya daga cikin Fulanin ta yi ta kaɗa kai tana cewa, "Tsoho ya tafi, tsoho ya tafi," kamar tana faɗa wa wani da ke nesa.

Liman ya zo da mutum huɗu, ya tsaya a bakin rumfa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Har ya juya zai tafi sai ya dawo, ya kama hannun Fasto ya ce, "Maƙwabcina ne tun muna samari. Akuyata ta sha shiga gonarsa, bai taɓa aiko mini da magana ba."

Wanda ya fi kowa kuka shi ne Yaya, wan mijina, babban ɗan Baba, mai shago biyu a Maraɗi. Ya zo da akwatin gawa mai fenti da hannuwan ƙarfe, da buhunan shinkafa, da sa guda. Ya sa an buga hoton Baba a takarda an raba wa mutane. A bakin kabari ya karanta abin da ya rubuto, ya ce Baba bai tara dukiya a duniya ba, a sama ya tara tasa. Mutanen Maraɗi suka ce amin da ƙarfi. Ni kuwa idona yana kan tukwanen shinkafa. Na ce a raina, da rabin buhu ɗaya cikin waɗannan ya iso gidan nan wata shida da suka wuce, da yau ba mu taru ba.

Mijina bai zo ba. Yana arewa wurin haƙar zinariya, wayarsa ta salula ba ta shiga. Sai bayan kwana goma sha ɗaya labari ya same shi.

Abin da Yaya ya karanta ba ƙarya ba ne, amma na saurara har ƙarshe ban ji Baba a ciki ba. Ni a aji uku na bar makarantar lakol, karatun Hausa a zumuntar mata ta majami'a na ƙarasa koyo, hannuna ba ya sauri. Duk da haka zan rubuta abin da na gani, saboda ɗana wanda ya ci sunansa, ya karanta in ya girma. In Allah ya raya mini shi.

Baba gajere ne, mai faɗin kafaɗa, duga-dugansa duk faso. Riga biyu gare shi, ta gona da ta Lahadi. Bai iya waƙa ba ko kaɗan, amma a majami'a muryarsa ta fi ta kowa, kuma kullum shi yake riga kowa gama baiti, sai ya tsaya yana waige-waige yana jiran mu iso. Ba zan ce mai sauƙin zama ba ne. In ya ce a'a ba ya ɗaga murya, sai ya yi maka murmushi ya ci gaba da abin da yake yi, kai kuma ka tsaya da maganarka a baki. Wannan murmushin ya fi zagi ciwo. Uwar mijina ta rasu kafin a kawo ni, don haka tun ranar da na shigo gidan ni nake dafa masa. Bai taɓa cewa miya ta yi gishiri ba. In ta yi, sai ya ce, "Ɗiyata, yau an yi arahar gishiri a kasuwa ko?"

Gona biyu gare mu. Ƙaramar ta hatsi ce, a bayan gida, abin da take bayarwa ba ya kai mu bazara. Babbar ta aya ce, ita ake sayarwa a sayi hatsin sauran shekara. Aikin aya kuwa, in ganye ya bushe sai a sa masa wuta, a tone ƙasar, a tara, mata su yi ta tankaɗewa da rariyar ƙarfe. Ƙasa ta zube, aya ta tsaya. In an gama an kwashe buhuna, sai matan da ba su da gona su shigo kala, su sake tankaɗe ƙasar nan, su tsinci abin da ya kuɓuce.

Baba ba ya sayen rariya a kasuwa. Da kansa yake yanko ƙarfe daga tsohuwar ganga, ya zauna a ƙofar ɗakinsa da guduma da ƙusa yana hudawa. Ƙusar mai kauri ce, a cikin jinkar ɗakinsa yake soke ta, ba ya ba kowa aro.

Shekarar da aka kawo ni daga wajen Cadawa, ina amarya, ina son a ce an samu mace a gidan. Ranar farko ta tankaɗe na ga aya tana zubewa ta ƙasan rariya, ba ƙanana kaɗai ba, har da masu ɗan girma. Mu a gidanmu ko ƙwaya ɗaya ba ta kuɓuce mana. Na ce a raina, tsoho ne ido ya yi rauni, kuma babu mace a gidan da za ta faɗa masa. Ban ce wa kowa komai ba. Na aika gida aka kawo mini rariyar innata mai ƙananan huji. Kwana biyu na duƙufa, ban ɗaga kai ba, tarin da na yi ya fi na mata biyu in an haɗa. Na tsaya kusa da shi ina jiran yabo.

Baba ya zo. Bai dubi tarin ba. Ya duƙa inda na zubar da ƙasa, ya ɗebo a hannu, ya murza, ya hura. Ya matsa gaba ya sake ɗebowa. Babu ko ɗaya.

"Ɗiyata, wa ya tankaɗe nan?"

"Ni ce, Baba."

"Sannu da aiki. Lallai kin iya. To, masu gona fa, in sun zo mi za su tarar?"

Masu gona? Ashe gonar ba tamu ba ce? Na ɗauka aro ce, ko jingina, an ɓoye wa ubana aka karɓi aurena. Yinin nan ruwa kaɗai na iya sha. Da muka kamo hanyar gida na ja mijina gefe, na ce ya faɗa mini gaskiya, su wane ne masu gonar, kuma yaushe za su karɓe abinsu. Ya dube ni, ya fashe da dariya har sai da ya zauna a kan hanya.

"Gonar kakanmu ce, ke! Masu kala yake nufi. Haka yake kiransu tun muna yara."

Ni ban ga abin dariya ba, balle washegari. Baba ya ɗauki ƙwarya, ya je kan tarin nan nawa, ya cika ta sau uku, yana watsawa a inda na tankaɗe kamar mai shuka, yana bi da ƙafa yana rufewa. Ina tsaye ina kallon wahalata tana komawa cikin ƙasa. Da ya ga fuskata sai ya ce:

"Kina cewa mi ya hana in auna musu a tiya in miƙa musu, ko? In na ba ta a hannu, sai ta durƙusa ta yi mini godiya, gobe in ta hango ni ta sake hanya don kunya. In ta tsinta da kanta, aikinta ta ci."

Shi ya sa ranakun kala ba ya zuwa gonar ko kusa. Ba ya son wata ta ga dole ta gaishe shi.

In Fasto ya yi tafiya, Baba ne yake tsayawa gabanmu ranar Lahadi, kuma labari ɗaya ne da shi. Da ya buɗe baki mun san inda za shi. Labarin mai arzikin nan ne da yake cin daɗi kullum, da matalauci mai gyambuna da ke kwance a ƙofar gidansa. Su biyun suka mutu. Aka ɗauki matalaucin aka kai shi wurin hutu, mai arzikin kuma ya tsinci kansa cikin wuta yana roƙon ɗigon ruwa a harshe. In Baba ya kawo nan sai ya tsaya, ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ku duba da kyau. Ya doke shi? Bai doke shi ba. Ya kore shi daga ƙofar? Bai kore shi ba. Wucewa kawai yake yi. Da safe ya wuce, da yamma ya wuce."

Na daɗe ina zaton da 'yan kasuwa yake. Wata Lahadi muna dawowa na ce masa cikin wasa, "Baba, ai mu ba ruwanmu da wanga labari, muna layin mai gyambo." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ina da gona. Ina da ƙofa. Ke a ganinki wane ne ni a cikin labarin?" Ranar na gane tsoro yake ji, tsoro na gaske. Mutum mai riga biyu yana tsoron wuta saboda dukiya.

Bara ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya tsaya bai cika ido ba. Mijina ya duba rumbu, ya ɗauki jaka ya yi arewa. Ɗana kuma lokacin na yaye shi, zawo ya kama shi, ya zube har wuyansa ya koma kamar na ɗan tsako. A likita aka ba ni wata 'yar igiyar awo da ake zagaya wa damtsen yaro. Tana da launi uku. In ta tsaya a tsanwa lafiya lau, in ɗorawa ce a kula, in ta kai ja a kawo shi da gudu. An ce in riƙa aunawa sau ɗaya a mako. Ni da safe nake aunawa, in sake da rana. Wani lokaci in ɗan sassauta ta don ta nuna mini abin da nake so, sannan in ji haushin kaina in sake ja. Da lokacin tonon aya ya zo, tana tsakiyar ɗorawa.

Na samu Baba a ƙofar ɗakinsa yana huda sabuwar rariya da ƙusar nan tasa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, bana kaɗai. A yi da mai ƙananan huji bana kaɗai. Baɗi in ruwa ya yi sai a koma yadda ka saba."

Ya yi murmushin nan, ya ɗaga guduma. "Ai bana ne suka fi bukata, ɗiyata."

"Mu fa?"

"Mu muna da abin da ya tsaya a rariya."

Ƙwas, ƙwas, ya ci gaba da bugu. Ban san lokacin da na kwance goyo ba. Na sauke yaron na kwantar da shi a ƙasa, a bakin ƙofar, daidai ƙafafunsa. Na faɗi abin da suruka ba ta faɗa.

"Ga naka mai gyambon nan. A ƙofarka yake kwance. Kullum kana tsallake shi ka tafi neman na waje."

Guduma ta tsaya. Ya daɗe yana kallon yaron, haƙarƙarinsa, da cikin nan da ya kumbura. Sannan ya ajiye ƙusa ya ɗauke shi ya ɗora a cinya.

"Takwara, haka ne? Na tsallake ka?"

Yaron ya kama gemunsa yana ja. Na koma ɗaki, a raina na ce na ci nasara. Washegari a gona ya miƙa mana rariyoyin nan nasa, masu manyan huji, kamar ba a yi magana ba.

Kwana uku ina ajiye masa tuwo a bakin ƙofa in juya, gaisuwa daga nesa.

Bayan an kwashe ayarmu, sai ya aiko in ba shi aron rariyar innata. Na ba shi ban tambaya ba. Daga ranar ya fara fita da hantsi da buhu a kafaɗa, ba ya dawowa sai la'asar, ya yi fari fat da ƙasa har gashin ido. A gindin buhun za ka tarar da rabin tiya ta aya, wata rana da ɗan wake. Sai ya miƙo mini ya ce, "A sayar a saya wa takwara ƙwai. In an samu kifi busasshe a haɗa." Na ce daga ina? Ya ce, "Inda aka bari."

A kasuwa wata mata ta faɗa mini. Ashe gonakin wajen Gazawa yake zuwa, inda yake zaton ba a san shi ba, ya shiga cikin mata yana kala. Namiji ba ya kala a ƙasarmu, balle dattijo mai gonar kansa. Ta ce mata suna tsokanarsa, "Tsoho, ina zanenka?" Wata ta ce, "Yau maigidanki ya bar ki kin fito?" Shi kuma ya amsa, "Ya bar ni, amma ya ce in koma da wuri in ɗora tuwo." Su yi ta dariya, su matsa masa wuri. Matar tana ba ni labari tana dariya. Ni na riƙe tiya ban iya ko murmushi ba.

Gonakin nan da yake zuwa, masu su ba irinsa ba ne, sun tankaɗe su tas. Yini guda yake yi a duƙe kafin ya tara abin da a gonarsa mace ɗaya take samu kafin rana ta yi zafi. Na kasa haƙuri na ce masa, "Baba, wanga wane irin abu ne? Ka bar taka a ƙasa ka tafi tsintar ta wasu?"

Ya ce, "Waccan tana da masu ita. Ba zan cire daga bakin ɗan wata in sa a bakin takwara ba. Amma ƙafata tawa ce, bayana nawa ne. Su nake kashewa."

Dole in faɗi gaskiya, ko da tana yi mini ɗaci. Kafin sanyi ya wuce, igiyar ta koma tsanwa. Ƙwan nan da kifin nan su suka tayar da ɗana.

Labari ya kai Maraɗi. Yaya ya kira ta salular maƙwabcinmu, yana magana da ƙarfi har ina ji daga madafa. "Baba, so kake a ce na kasa riƙe ubana? Mutane suna zuwa har shago suna faɗa mini! Cikin mata, Baba? Ka tuna akwai masu jin kunya a madadinka." Baba yana ta cewa to, to. Bayan mako guda motar kasuwa ta kawo saƙo. Muka buɗe: babbar riga ta shadda mai aiki a wuya, da hula, da takalmi. Baba ya ɗaga ledar ya leƙa ciki, ya juya ta ya girgiza. Ya ce, "Ko gishiri babu?"

Na ce a sayar da rigar. Ya ce kyautar ɗa ba a kai ta kasuwa. Sau ɗaya ya sa ta, aka ɗauke shi hoto aka aika wa Yaya don hankalinsa ya kwanta. Hoton nan ne aka raba ranar jana'iza. Da rigar kuma aka rufe shi. Abin da zai ciyar da gidan nan wata guda yana can cikin ƙasa.

Tari ya fara kama shi tun yana fita kala. Mu da muke tankaɗe mun san yadda ƙasar aya take zama a ƙirji, shi ya sa muke ɗaure hanci da ɗankwali. Shi ba ya ɗaurewa, ya ce abin ya isa haka, kada a ƙara masa da ɗankwali. Da bazara ta shigo ba ya iya kwanciya, sai a zaune, ya jingina da bango. Na kai shi likita a Agiye a kan amalanke. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya huta, ya riƙa cin abinci mai kyau. A hanyar dawowa ya yi ta maimaita maganar yana dariya yana tari: "Abinci mai kyau. Kin ji, ɗiyata? Ki daina ba ni maras kyau."

Ranar da zai tafi, da hantsi ne, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwan fari bai sauka ba tukuna. Na kawo masa kunu. Ya riƙe hannuna, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗiyata, kin yafe mini?"

"Baba, ni ce zan roƙe ka. Bakina ne ya yi kaifi."

"A'a. Gaskiya kika faɗa. Ban gan shi ba. Shekara nawa ina tsayawa gaban mutane ina faɗa musu, ga shi a ƙofata ban gan shi ba."

Ya kamata in ce masa ba haka ba ne. Ya kamata in ce, Baba, kai ne ka tayar da shi, dubi damtsensa. Maganar tana bakina. Sai yaron ya fasa kuka a tsakar gida, ya jawo murfin tukunya a ƙafa, na ce ina zuwa. Da na dawo kunun yana nan yadda na ajiye shi. Ya tafi da maganata ta ranar nan a kunnensa, ta biyun ban ba shi ba. Wannan laifin nawa ne, ba na Yaya ba.

Na Yaya kuwa ga shi. Kwana uku da binnewa, maza suka zauna a zaure a kan maganar gona. Mace ba ta da wurin zama a nan, mijina kuma ba ya nan, sai na kawo turmi kusa da zana ina daka a hankali. Yaya ya ce gonar ayar ta mutu. Ya ce ya bincika, gonakin da ke kewaye da ita, waɗanda ba su kai ta girma ba, sun fi ta ba da buhuna nesa ba kusa ba, kuma haka abin yake shekara da shekaru. Ƙasa ce ta gaji, zama da ita asara ne. Ƙanen Baba yana wurin, ya san dalili. Fasto yana wurin, ya san dalili. Na dakata da taɓarya ina jiran wani ya buɗe baki. Fasto ya yi gyaran murya, na ce yanzu zai faɗa. Sai ya ce Allah ya ba da zaman lafiya a tsakanin 'yan'uwa. Kwanon rufin da ke kan majami'armu Yaya ne ya saya. Ban ce shi ya sa ba. Na dai ji shirun.

Aka damƙa gonar a hannun wani abokin Yaya, ɗan kasuwa daga wajen Gidan Rumji, ya noma. Aka ce rabon mijina za a riƙa aiko mana. Har yau yana hanya.

Makon jiya suka gama tono. Sun zo da 'yan ƙwadago da rariyar waya, suka tankaɗe ƙasar sau biyu. An ce ɗan kasuwan ya kira Yaya yana murna, wai bai taɓa ganin ƙasa mai albarka irin wannan ba, Yaya kuma yana ta mamaki.

Matan suka zo kamar kowace shekara. Bana har da ni a cikinsu. Na ɗaure hanci, na goya ɗana, na duƙa a gonar da aka kawo ni ina amarya. Daga hantsi har azahar abin da na samu bai cika tafin hannuna biyu ba. Babu wadda ta ce mini komai. Da sun zage ni, ko sun tambaye ni yadda aka yi, da ya fi mini sauƙi. Wata tsohuwa dai ta miƙe, ta karkaɗe zanenta, ta dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ta ce, "To, an share." Suka kama hanya ɗaya bayan ɗaya.

Rumbunmu na hatsi ya kusa ƙasa tun yanzu. Zawon ya dawo wa yaron. Jiya da safe na auna shi, igiyar ta taɓa ja. Na sassauta ta. Ba ta bar jan ba. Gobe kasuwar Agiye, na roƙi mai amalanke ya rage mana hanya zuwa likita.

Ranar Lahadi matan zumunta suka kewaye ni suna ba ni haƙuri. Suka ce Baba yana wurin da babu yunwa, babu tari, wurin da waɗanda suka sha wuya a nan su ne a gaba. Na gaskata. Ko kaɗan ba na shakka. In akwai wanda aka ɗauka aka kai wurin hutu, shi ne, tsoronsa bai tabbata ba. Wata cikinsu, don ta kwantar mini da hankali, ta shafa kan ɗana ta ce ai can yara ma ba sa kuka. Na janye shi daga hannunta. Ba ta san abin da ta faɗa ba.

Fasto ya koya mana ba a roƙon matattu. Ni ba addu'a nake yi ba, magana nake da surukina, wadda ban samu na ƙarasa ba.

Baba, ba ka tsallake shi ba. Ka ji? Ba ka tsallake shi ba. Amma na san halinka. In ka samu wuri mai kyau ba za ka iya zama kai kaɗai ba, za ka matsa gefe ka fara duba wanda ya fi shan wuya ka kira shi. In ka leƙo ka ga takwaranka, ka ga yadda ya koma, kada tausayi ya kama ka. Wannan karon ka wuce shi. Ka bar mini shi a nan.